Gigin tsufa: waƙa na isa inda magana ta kasa

Daga cikin cututtukan da ke sauko wa ɗan Adam idan shekaru sun ja, akwai wadda ake kira gigin tsufa, wato lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya manta sunan ƴaƴansa da hanyar gidansa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ita. Kashi 60 zuwa 70 bisa 100 nasu suna da irin da ake kira Alzheimer, sunan lokotoron Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Har wa yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah a gidajen kula da tsofaffi suke ƙarasa kwanakinsu. Wani yakan yini zaune bai ce uffan ba, wani kuma sai kuka da faɗa da yawon dare. An daɗe ana ba su magunguna masu ƙarfi na kwantar da hankali, amma daga baya aka tabbatar cewa wasunsu na ƙara haɗarin faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki, har da mutuwa. Wannan ya sa masu kula da su suka nemi wata hanya, suka waiwayi kiɗa da waƙa da zane.

A Ingila, ƙungiyar Alzheimer's Society ta fara tara marasa lafiyar da iyalansu don yin waƙa tare a 2003. A Amurka kuwa, wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna Dan Cohen ya soma shiga gidajen tsofaffi a 2006 da ƴan na'urorin iPod, kowane tsoho da jerin waƙoƙin da ya so tun yana saurayi. Siliman Alive Inside na 2014 ya nuna wa duniya tsofaffin da suka daɗe da yin shiru suna ɗaga kai, suna bin waƙa, har suna amsa tambayoyi na ɗan lokaci.

Masana sun binciki dalili. A 2015, masu bincike na cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus sun nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke riƙe kiɗan da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar ke jinkirin ɓatawa. A jami'ar Caen ta Faransa, Hervé Platel ya lura cewa marar lafiya na iya sabawa da sabuwar waƙa idan ana maimaita masa, ko da yake ba ya tuna ranar da aka koya masa ita. Mawaƙin Amurka Tony Bennett, wanda aka gano cutar a jikinsa a 2016, ya rera waƙoƙinsa gaban dubban jama'a a birnin New York a 2021, yana da shekara 95.

Sai dai ba kowace waƙa ke wannan aiki ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwa shi ya fi zama a zuciyarsa, saboda haka ma'aikata kan zauna da iyali su tambayi wane kiɗa aka yi a bikinsa, wace waƙa yake yi in yana aiki.

Haka abin yake wajen zane. A 2006, gidan zane-zane na MoMA a New York ya buɗe wa masu gigin tsufa wata ziyara ta musamman, ƙungiya kaɗan-kaɗan. Ba a tambayarsu sunan mai zane ko shekarar da ya yi shi. Ana tambayarsu abin da suke gani da abin da ya tuna musu. A gidajen tsofaffi ma ana ba su launi da takarda ko yumɓu. Amfanin aikin shi ne babu amsar da za a ce kuskure ce, ga mutumin da yini guda ana yi masa gyara. A garin Dax na Faransa, ƙauyen da aka buɗe a 2020 domin masu cutar 120 yana da zauren wasanni da ɗakin karatu, kuma mutanen gari na shiga.

Duk da haka, wajibi ne a faɗi iyakar abin. A 2018, ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 22 da aka yi a kan mutum 1097 a gidajen tsofaffi da asibitoci. Ta samu cewa zaman kiɗa aƙalla sau biyar na rage baƙin ciki, yana kuma gyara ɗabi'a, amma babu tabbacin yana maido da tunani. Ban da haka, wata waƙa kan tayar da tsohon miki, ƙara mai yawa kuma kan firgita tsoho. Don haka ake duban fuskarsa, in ta sauya a dakata.

Fiye da kashi 60 bisa 100 na masu wannan cuta suna ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfi ne. A Nijar, tsoho a ɗakinsa yake, a hannun ƴaƴa da surukai da jikoki, kuma wannan dabara ba ta fi ƙarfinsu ba. Muryar Ɗan Gurmu ko ta Mamman Shata, waƙoƙin daka da na gaɗa, kaɗin auduga, saƙar faifai da ɓarar gujiya, duk suna iya zama abin zama tare da shi. Kafin nan, ya kamata a kai shi likita, domin wani ruɗewar daga ciwon da ke jin magani yake fitowa. Tsohuwar da ta manta sunan jikanta ba mayya ba ce, ba ta kuma cancanci a kulle ta ba. Marar lafiya ce, kuma sau da yawa waƙar ƙuruciyarta na nan a bakinta, tana jiran wanda zai ɗauko mata farkonta.