Sayen Jif Ta Hannu Don Iyali: A Duba Takarda Kafin A Dubi Fenti

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Gaya da Kamba, ya san cewa da zarar kasuwa ta yi wa ɗan kasuwa kyau, burinsa na gaba bayan gida shi ne motar iyali. Mafi yawanmu kuma idonmu kan matsakaiciyar jif yake, wadda a Nijar ake ce wa kat-kat, irin su Toyota Highlander da Honda Pilot da Hyundai Santa Fe, ko ƙanwarsu RAV4. Dalili a fili yake: tana ɗaukar uwargida da amarya da yara, tana da tsayin da zai haye ramuka, ga kuma kwarjini a wurin biki. Sai dai kuɗin wannan mota daga jari yake fitowa, kuma cikinta za a zuba iyali. Saboda haka muka ga ya dace mu tattauna abin da ya kamata a duba kafin a ce an saya.

Yadda hanya ta canza

Idan mai karatu bai manta ba, shekaru da dama tashar jiragen ruwa ta Kwatano ita ce uwar wannan ciniki. Daga can ake koro motoci a haye gadar Malanbil zuwa Gaya, wasu su tsaya a Nijar, wasu su zarce Nijeriya. A farkon 2017 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka rufe iyakar Nijar da Benin, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren gadar a rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso.

Abin da wannan ya haifar shi ne tsadar sufuri, da kuma yawaitar motocin da suka shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun da ba su da tushe. Don haka araha ta wuce misali ita ce alamar farko da ya kamata ta sa mutum ya ja baya. Kafin a ba da ko kafin alƙalami, a karɓi takardar biyan duwan ko kwastam, a je ofishinsu da ƙafa a tabbatar tana cikin rajistarsu. Motar da aka kama a shingen hanya don rashin takarda, dillalin da ya ci la'ada ba zai zo ya fanshe ta ba.

Lambar shasi ba ta ƙarya

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofar direba, kuma wajibi ne su yi daidai da wadda ke cikin takardu. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: J na Japan, K na Koriya, 2 na Kanada, 1 da 4 da 5 kuma na Amurka. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma shi ne shekarar ƙirar: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011, C 2012, D 2013.

Wannan yana da amfani, domin Highlander ƙirar 2008 zuwa 2013 jikinta ɗaya ne, illa gyaran fuska da kamfanin ya yi mata a ƙirar 2011. Masu wayo sukan canza fitilu da bamba, su mayar da 'yar 2008 ta zama kamar 'yar 2012, su ɗora mata kuɗi. Haka nan, yawancin jif-jif da ke zuwa daga Amurka daga wuraren gwanjon motoci ake sayo su, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye, kamar yadda aka gani bayan guguwar Harvey a jihar Texas a 2017. Duk yaron da ya iya waya zai iya sa lambar a intanet, sau da yawa har hoton motar a filin gwanjo yakan fito, a ga inda ta bugu. Akwai kuma kamfanoni irin su Carfax da ke sayar da tarihin mota a kan kuɗi kaɗan. A lura kuma, agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa: mil 150,000 kilomita 240,000 ke nan, kuma agogo ana iya mayar da shi baya.

A zo da makanikin gida

Makanikin da mai sayarwa ya kawo, yaron mai sayarwa ne. A zo da wanda aka saba da shi, tare da kwamfutarsa ta binciken inji, kuma a zo da sassafe kafin a ɗuma motar, domin ƙarar inji da hayaƙi a sanyi suke bayyana. Idan aka murɗa makulli, fitilun gargaɗi, har da na jakar iskar da ke kare mutane a haɗari, su kama su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa cire ta aka yi don a ɓoye wani abu. A ɗaga kafet, a duba ƙarfen kujeru, a jawo bel ɗin ɗamara har ƙarshe. Laka ko tsatsa ko warin danshi alamar ruwa ce, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ba da wahala. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga kumfa mai kamar madara, ruwa na haɗuwa da mai. A shiga ƙarƙashinta, musamman 'yar Kanada, inda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ke cin ƙarfe.

A can ƙarƙashin ne kuma za a gane ko kat-kat ce ta gaske. Highlander da Pilot da RAV4 da yawa tayoyin gaba kaɗai ke ja. In babu furofela da ta tafi baya, yashi zai riƙe ta kamar kowace ƙaramar mota. Wanda hanyarsa ta ƙauye ce mai burji da rairayi, Prado ko 4Runner sun fi dacewa da shi, amma sun fi tsada da shan mai. Taya ma tana da shekaru: alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefenta mako ne da shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya a zafin watan Afrilu da cikakkiyar mota abin tsoro ce, ko da zanenta bai cinye ba.

Kowane inji kuma da halinsa. Pilot mai silinda shida da tsohuwar Highlander mai inji 3.0 ko 3.3 da bel suke aiki, wanda ake canzawa a wajen kilomita 145,000 zuwa 170,000, amma injin Toyota mai 3.5 da sarƙa yake. RAV4 mai inji 2.4 ƙirar 2006 zuwa 2008 an san wasunsu da shan baƙin mai. A 2017 kuma Hyundai ta yi kiranyen Santa Fe Sport ƙirar 2013 da 2014 a Amurka saboda matsalar inji, don haka a bincika ko an yi wa wadda ake so gyaran.

Kuɗin da ke zuwa bayan ciniki

Lokacin man arha ya wuce. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura 1,000 a Oktoban 2024, abin da ya taɓa har 'yan bumburutun bakin iyaka. Highlander mai silinda shida tana shan wajen lita 12 a kilomita 100. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, zuwa da dawowa wajen lita 158 ke nan. A farashin sefa 499 da gwamnatin Nijar ta tsayar a Yulin 2024, jaka 79 ta tafi a tafiya guda, ban da ci da kwana.

Akwai kuma ɗabi'armu ta 'yan kasuwa, ta mayar da motar gida motar kaya. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, kuma a irin waɗannan jif da wuya ya kai kilo 700. Manya biyar masu kilo 70 da buhu shida na shinkafa mai kilo 50 sun kai 650. Daga nan shokozoba da birki da giya suke fara lalacewa. Kujerun layi na uku kuwa na yara ne, kuma in an ɗaga su wurin kaya ya zama ɗan kaɗan.

Shawararmu ita ce, kada a taɓa uwar kuɗi, kuma kada a ƙarar da abin da aka ware a ranar ciniki. A bar kamar kashi ɗaya cikin biyar don taya da batir da canjin mai da inshora da canjin suna. A tambayi masu sayar da kayan gyara na garinmu wace mota ce kayanta ke samuwa a shago, domin wadda sai an aika Kano ko Lome tana iya yin wata guda a garaji. In an sallama, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi a ciki, da shaidu biyu, da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Wanda ya ce a yi sauri akwai mai saye a baya, a ce masa Allah ya ba da sa'a, mota ba ta ƙare a kasuwa ba. Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin.