Miyar Lalo a Birnin Alƙahira

Ku sani ya malamai da fatake, mutumin Kudan da fatauci ko neman ilmi ya kai shi Alƙahira ba zai rasa halal ba. Daura da masallacin Azhar, wanda aka fara sallar Juma'a cikinsa a shekarar 972 Miladiyya, akwai kasuwar Khan Halili, da gidajen abinci jere.

Za a kawo masa gurasa da ful, wato dafaffen wake da mai da lemon tsami, sa'an nan muluhiyya. Da ya ɗanɗana zai yi murmushi, gama lalo ne, wanda ke tsirowa bayan gida da damina. Sai dai su sukan daddatsa ganyen ƙwarai, su dafa da romon zomo ko kaza, su zuba soyayyar tafarnuwa. Sarkinsu Alhakimu Bafaɗime ya hana cinta a 1005. Sarki ya shuɗe, miya tana nan. Rake kuwa, da ɗan Kudan ke ɓarewa da haƙori, matse shi suke yi a sha a kofi.

Yanka ba abin damuwa ba ne ƙwarai: galibin mahautan Musulmi ne, yankan Kibɗawa Nasara kuma ya halatta da nassin Suratul Ma'ida, bisa sharuɗɗan da fuƙaha'u suka ambata. Haɗarin yana manyan masaukai na bakin Nilu, inda ake ɗora giya bisa teburi. Zama nan an hana shi, ko da ruwa kaɗai mutum ya sha. To, ya yi tambaya tun daga bakin ƙofa, kafin ya zauna kunyar tashi ta kama shi.