Wayar Ƙasa: Tsimin Da Ke Cinye Jarin Ɗan Kasuwa

Daga cikin abubuwan da mai ginin kanti ko masana'anta ke fara zaftarewa idan kuɗi sun yi kaɗan akwai wayar ƙasa. Dalili kuwa shi ne ko babu ita fitila za ta kama, firji zai yi sanyi.

Ana raba wutar lantarki a Nijeriya bisa ƙarfin bolt 230 a layi ɗaya, da bolt 400 tsakanin layuka biyu. Wayar nitural ce hanyar da wuta ke komawa kullum. Ita kuwa wayar ƙasa zaman jira take yi: ranar da waya mai wuta ta taɓa jikin na'ura, ita za ta kwashe wutar domin makarin ya yanke layin kafin mutum ya kai hannu.

A ƙa'ida, wuri ɗaya ake haɗa nitural da ƙasa, wato a tushen wutar. Amma wasu masu wayarin, don gudun sayen waya ta uku, sukan ƙulla su a bayan soket. Muddin nitural ta katse, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta a gindin taransifoma, jikin firji da injin niƙa zai ɗauki wuta. A ginin da ke kan layi uku kuma, ƙarfin wutar na iya haurawa kusan bolt 400, ya ƙone kayan shago a cikin daƙiƙu.

Janareto da inbata sun ƙara dagula lamarin. Idan makunnin sauya layi yana yanke nitural ta kamfani, to dole janareton ya sami nasa haɗin da ƙasa. In ba haka ba, na'urar kariya mai yanke wuta a miliyamfiya 30 ba lalle ta motsa ba.

Haka nan sandar da ake binnewa. A Arewa ƙasa kan bushe da rani, ta daina karɓar wuta sosai, kuma gishirin da ake zubawa tare da gawayi yana cin sandar a hankali. Saboda haka awon da aka yi da damina bai wadatar ba.

A 2015 dokar da ta kafa hukumar NEMSA ta ɗora mata duba wayarin gine-gine da ba masu aikin takardar shaida. Mai karɓar hayar shago yana da damar neman takardar gwajin wayarin kafin ya biya kuɗin shekara, ko da yake kaɗan ne ke tambaya.