Ƙwan Fitila: Kowane Da Mazauninsa

A kasuwar Malanbil, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Jamhuriyar Benin, ƙwayayen fitila jibge suke a tebura: na gida, na mota, na babur, na sola. Galibin masu saye farashi kawai suke tambaya. Alhali abin da ya kamata a fara sani shi ne ƙarfin wutar da aka ƙera ƙwan dominta, da wurin da za a ɗaura shi. Sakaci da wannan ne ke jawo asarar kuɗi, gobara a shago, da haɗari a kan titi.

Mu fara da gida. Wutar kamfanin SBEE bolt 220 ce, ƙananan na'urorin sola na gida kuwa yawanci bolt 12 suke bayarwa. Ƙwan sola idan ya sha wutar kamfani nan take zai ƙone, wani lokaci har ya fashe. Don haka a karanta rubutun da ke jikin ƙwan kafin a biya, a kuma duba gindinsa, mai murɗawa ne ko mai ƙusoshi biyu, domin kada a tursasa shi a mazaunin da ba nasa ba.

Tsohon ƙwai mai zare a ciki kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da mai wat 60 ke bayarwa. Idan ana kunna su awa 6 kullum, a wata guda tsohon zai cinye kilowat-awa 10.8, sabon kuwa 1.6 da 'yan kai. Mai mitar kati shi zai fi kowa ganin bambancin. Sai dai araha ba ta ado. Akwai jabu masu rubutun wat mai yawa da haske kaɗan, suna ƙifta ido na 'yan makonni su mutu. Zafi ma yana kashe LED, kuma a nan bazara takan haura digiri 40. Kada a manna shi da kwanon rufi, kada a kulle shi cikin gilashin da iska ba ta shiga. A rumbun albasa da shinkafa da shagon atamfa, a nisanta kowane irin ƙwai da buhu da yadi.

Wajen canzawa, a kashe makunni, in so samu ne a sauke wutar daga mita. A jira ƙwan ya huce, hannu ya bushe, a taka abu mai ƙwari. In ƙwan ya fashe gindinsa ya maƙale, kada a zura yatsa ko wuƙa, a kira mai gyaran wuta. Idan mazaunin ya yi baƙi ko yana warin ƙonannen roba, shi ma a sauya shi.

Farin ƙwai mai lanƙwasa da doguwar fitila mai kama da sanda suna ɗauke da makuri, sinadari mai guba ga ƙwaƙwalwa, musamman ta yara da jaririn da ke ciki. Shi ya sa ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan makuri suka amince a 2022 cewa a daina ƙera mai lanƙwasar daga ƙarshen 2025. In ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga na minti 15, a kwashe ɓaraguzan da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle a leda. Ban da tsintsiya, ban da ƙonawa a bola, ban da zubarwa a bakin kogi.

Sai ababen hawa. Titin da ya taso daga Kwatano ya ratsa Paraku da Kandi zuwa gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya hanya ce ta manyan motoci da tafiyar dare. Ƙaramar mota bolt 12 take amfani da shi, tirela 24. Ƙwan fitilar gaba samfurin H4 na ƙaramar mota wat 60 da 55 ne. Direban da ya sa mai wat 100 don neman ƙarin haske yana dafa wayoyinsa ne, soket ya narke, fiyus ya tsinke. Mafi muni shi ne a ɗaure fiyus ɗin da guntuwar waya, domin daga nan wuta ke tashi.

Gilashin ƙwan halojin, irin na fitilar gaban mota, ba a taɓa shi da yatsa. Maiƙon hannu yana tara zafi a wuri guda, gilashin ya kumbura ya mutu da wuri. A riƙe shi ta gindi ko da tsumma mai tsabta. Masu kabu-kabu da ke ɗaura farin LED mai kashe ido su sani cewa wanda suka makantar a kansu zai faɗo. A saita fitila ta kalli titi, a rage ta in an yi kiciɓis da wani. Lokacin hunturu fitilar nesa hazon kawai take haskawa, ta kusa ta fi nuna hanya.

Mota mai ido ɗaya da dare babur ake zatonta. Kafin a kama hanya, yaron mota ya zagaya baya, direba ya taka birki, ya kunna sigina hagu da dama, a goge ƙurar gilashi. A ajiye ƙwai da fiyus na ko-ta-kwana a cikin mota, domin tsakanin gari da gari ba lallai a samu mai sayarwa da tsakar dare ba.