Kiɗan Garke: Abin da Kwamfuta Ta Aro Daga Tsuntsaye

Kiɗan garke kiɗa ne da kwamfuta ke ƙirƙira nan take, ba tare da an tsara mata shi tun farko ba, ta hanyar kwaikwayon yadda tsuntsaye da ƙudan zuma da kifaye ke tafiya tare babu jagora.

Tushensa abu ne da manomin Sifawa a ƙasar Sakkwato ya sani tun yana yaro. Idan damina ta ja baya, gero ya fara nuna, sai tsuntsun jan-baki ya taso daga fadama kamar hayaƙi. Ya miƙe, ya dunƙule, ya karkata gaba ɗaya, sannan ya zuba a gona. Yaran da ke gadi su ja igiyar gwangwanaye suna ihu, garken ya tashi ya rabu biyu, kafin ƙiftawar ido ya sake haɗewa. Daga Boɗinga har Shagari, mai gero da mai shinkafa ba su da abokin gaba kamarsa, kuma an ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan 1.5. Duk da wannan yawa, tsuntsayen ba su da sarki, babu mai ba da umarnin juyawa, kuma ba a ganin suna karo da juna.

A shekarar 1986 wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Craig Reynolds, ya nuna cewa dokoki uku kacal sun isa su haifar da irin wannan tafiya. Kada tsuntsu ya matse maƙwabcinsa, ya fuskanci inda na kusa da shi suka fuskanta, kuma kada ya yi nisa da su. Ya ɗora dokokin a kan tsuntsayen zane da ya kira Boids, sai ga su suna shawagi a fuskar kwamfuta kamar masu rai. A 2008 kuma masu bincike a birnin Rum na Italiya suka gano cewa a cikin garken dubbai, kowane tsuntsu yana lura ne da maƙwabta shida ko bakwai kawai.

Kiɗa ya shigo ne a 2002, lokacin da Tim Blackwell da Peter Bentley suka gabatar da aikinsu daga Landan, wata manhaja mai suna Swarm Music. A cikinta akwai ɗigo-ɗigo masu yawo a wani fili na lissafi, suna jan juna suna kuma kauce wa karo. Matsayin kowane ɗigo shi ne sauti. Idan ya yi sama murya ta yi zaƙi, idan ya yi ƙasa ta yi kauri. Wani ɓangaren filin yana nuna ƙarfin sautin, wani kuma tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Tunda garken ba ya maimaita siffa ɗaya sau biyu, kiɗan ma ba ya maimaituwa, amma bai zama hayaniya ba, domin sautukan na tafiya kusa da juna.

Mafi daɗin lamarin shi ne shigowar ɗan Adam. Idan makaɗi ya buga wani abu, manhajar kan mai da bugun nasa alama a cikin filin, garken ya karkata zuwa wurin kamar jan-baki ya hango zangarniya. Abin da garken ya fitar, makaɗi ya ji ya ba shi amsa, a yi ta karɓeɓeniya. Haka gara ke gina suri: kowace ta ajiye ɗan yumɓunta, ta bayanta ta ɗora a kai. Bafaranshe Pierre-Paul Grassé ne ya bayyana wannan ɗabi'a ta gara a 1959.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga kunnen Basakkwace. Duk wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo ko Ibrahim Narambaɗa ya san yadda masu kotso da 'yan amshi ke tafiya babu takarda a gabansu. Kowa kunnensa na kan na kusa da shi. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, wani lokaci ma su yi ƙari. Haka gangar noma take a wurin gayya, mai ganga na kallon fartanya, fartanya na bin ganga.

Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce. Makaɗan Hausa suna da jagora, kuma kiɗansu magana yake yi. Kalangu da kotso na bin hawa da saukar muryar Hausa, shi ya sa ɗan dambe ke jin takensa daga nesa tsikar jikinsa ta tashi. Garken kwamfuta ya iya motsi, ya iya bin makaɗi sau da ƙafa, amma bai san sunan kowa ba, bai san asalin kowa ba. Zai yi wa mai kalangu rakiya, amma ba zai iya kaɗa wa ɗan dambe takensa ba.