Tsohon babur ɗin Triumph Trophy: Me ya sa ake rububinsa?

Fiye da shekaru 50 ke nan da daina ƙera babur samfurin Triumph TR6 Trophy a Birtaniya, amma har yanzu mutane na kashe dukiya da lokaci wajen farfaɗo da waɗanda suka rage.

A wuraren gwanjo da bukukuwan baje kolin tsofaffin ababen hawa a Turai da Amurka, akan ga irin wannan babur yana ƙyalli tamkar jiya ya fito daga masana'anta.

Sai dai masu sana'ar gyaransa sun san cewa ƙyallin fenti ba shi ne ma'aunin lafiyar babur ba, kuma mai saye da bai san inda zai duba ba yana iya tafka asara.

Asalin sunan

A shekarar 1948 aka gudanar da gasar babura ta ƙasa da ƙasa ta kwanaki shida a San Remo da ke Italiya, inda mahaya kan yini suna ratsa duwatsu da hanyoyin da ba su da kwalta.

Mahayan kamfanin Triumph sun lashe lambobin zinare uku da kuma kyautar ayarin kamfanoni. Don tunawa da wannan nasara ce kamfanin ya fito da samfurin TR5 a 1949, ya kuma raɗa masa suna Trophy, wato kofi.

A 1956 aka fito da wanda ya fi shi girma, TR6, mai injin cc 649 da silinda biyu a jere, tsarin da injiniya Edward Turner ya shahara da shi tun ƙarshen shekarun 1930. Girman injin ya ninka na ƙananan baburan haya da aka saba gani a biranen Afirka ta Yamma kusan sau biyar zuwa shida.

An ƙera shi ne a masana'antar Meriden da ke kusa da birnin Coventry, wadda Triumph ya koma bayan da jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza tsohuwar masana'antarsa a watan Nuwamban 1940.

Manufar ita ce a samar da babur guda da mutum zai je aiki da shi a ranakun mako, ya kuma shiga daji da shi a ƙarshen mako. Shi ya sa aka ɗaga salansar wasu nau'o'insa sama don kada ta bugi dutse, aka sa musu tayoyi masu kaushi, aka kuma yi fitilar gaba yadda za a iya cire ta cikin sauƙi.

Daga hamada zuwa majigi

Babbar kasuwar babur ɗin ita ce Amurka, musamman jihar Kalifoniya, inda ya yi fice a tseren hamada a shekarun 1950 da 1960.

Amma abin da ya kai sunansa ko'ina a duniya shi ne fim ɗin The Great Escape na 1963, wanda ya ba da labarin fursunonin yaƙi da suka tsere daga sansanin Jamusawa.

Babur ɗin da jarumi Steve McQueen ya hau a fim ɗin TR6 ne da aka yi wa fenti don ya yi kama da na sojojin Jamus. Shahararren tsallen da aka yi a kan shingen waya kuwa, abokinsa Bud Ekins ne ya yi shi.

A 1964 McQueen da Ekins sun wakilci Amurka a gasar kwanaki shida da aka yi a Erfurt, a Jamus ta Gabas ta wancan lokaci, a kan baburan Triumph.

Shi kansa babur ɗin fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru da dama, kafin wani mai tara tsofaffin babura ya gano shi ya yi masa garambawul. A 2017 aka baje shi a ɗakin tarihin kamfanin Triumph da ke garin Hinckley.

Yadda aka daina ƙera shi

Zuwan baburan Japan ne ya sauya al'amura. A 1968 kamfanin Yamaha ya fito da DT-1, babur na shiga daji mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, kana a 1969 Honda ya shigo kasuwa da CB750 mai silinda huɗu, wanda ake tayarwa da maɓalli maimakon buga kik.

Kamfanin BSA, wanda ya mallaki Triumph tun 1951, ya durƙushe a farkon shekarun 1970. A 1973 aka daina ƙera TR6, kuma a shekarar ce ma'aikatan Meriden suka mamaye masana'antar don hana rufe ta.

Sun ci gaba da tafiyar da ita a matsayin ƙungiyar gama kai har zuwa 1983, lokacin da aka rufe ta baki ɗaya. Triumph na yanzu sabon kamfani ne da ɗan kasuwa John Bloor ya kafa bayan ya sayi sunan.

Me ke jan hankalin masu saye?

Na farko shi ne sauƙin tsarinsa. Babu kwamfuta a jikinsa, kuma kaburetarsa guda ce, saɓanin ɗan uwansa Bonneville mai guda biyu, don haka saita shi bai cika wahala ba. Mutumin da ke da haƙuri da littafin gyara zai iya kwance injin ya mayar a garejin gidansa.

Na biyu shi ne amon injin, da kuma ƙarfin jan da yake da shi ko da ana tafiya a hankali.

Na uku kuwa ƙaranci ne. Babur ɗin da aka yi don daji ya sha faɗuwa da taɓo da rairayi, kuma masu tsere sukan cire fitila da salansa da sauran kayan da ke ƙara nauyi su jefar. Waɗanda suka tsira da kayansu na asali ba su da yawa.

Inda ake duba lafiyarsa

Abin da masana kan fara dubawa shi ne lambar inji da lambar firam. A masana'anta lamba ɗaya aka buga wa duka biyun, kuma ana iya tantance ta a kundayen kamfanin da ƙungiyoyin masu tsofaffin babura ke adanawa.

Muhimmancin haka shi ne, akan haɗa babur daga sassan babura daban-daban, ko a ɗauki nau'in da aka yi don kwalta a yi masa shigar na daji domin ya ƙara tsada.

Shekarar ƙira ma tana da tasiri. Kafin 1963 inji da akwatin giya a rabe suke, daga shekarar aka haɗe su wuri guda. Daga 1971 kuma aka koma zuba baƙin mai a cikin bututun firam, sauyin da mahaya da dama ba su yi na'am da shi ba saboda ya ƙara wa sirdin tsawo.

Babbar matsalar kuwa ɓoye take a cikin karanshaf. Akwai wani ɗan bututu a ciki da ke tara dattin baƙin mai, kuma idan ya cika ya toshe, mai ba zai isa inda ya kamata ba, injin na iya bugawa.

Ba a isa ga bututun sai an kwance injin baki ɗaya. Saboda haka mai saye da ya san abin da yake yi yakan nemi rasit da hotunan aikin da aka yi, domin ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai kuma wayoyin lantarki na kamfanin Lucas, waɗanda tsufa kan sa su tsage, da yoyon baƙin mai da aka san baburan Birtaniya na wancan zamani da shi. Hatta sufana sai an nemi ta musamman, domin kusoshin tsofaffin samfuran na bin wani tsohon ma'aunin Birtaniya ne da ake kira Whitworth.

Man fetur na zamani ma ƙalubale ne. Tun watan Satumban 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a Birtaniya na ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cinye tsofaffin robobi, yana kuma jawo danshin da ke sa tanki tsatsa.

Bugu da ƙari, tun 2018 aka ɗauke wa yawancin ababen hawa da suka haura shekaru 40 gwajin lafiya na shekara-shekara a Birtaniya. Ke nan nauyin tabbatar da cewa birki na kamawa ya koma wuyan mai babur.

A sabunta ko a bar shi?

A kan wannan ne ra'ayin masu sha'awar baburan ya rabu gida biyu.

Wasu na ganin kamata ya yi a mayar da kowane sashe sabo fil, ko da da kayan gyaran da ake ƙerawa yanzu ne a Birtaniya da Asiya.

Wasu kuma na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A ganinsu sau ɗaya tak babur kan zo da fentinsa na asali, kuma duk wani tabo ko lotsawa a tanki shaida ce ta inda ya shiga, wadda idan aka goge ba ta dawowa.

Akwai kuma tsaka-mai-wuyar da mai babur kan shiga bayan an gama aiki. Idan ya shiga daji da shi, faɗuwa guda na iya lalata aikin watanni. Idan kuma ya kulle shi a ɗaki, robobi za su bushe, fetur ya lalace a cikin kabureta.

Shi ya sa makanikai da dama ke ba da shawarar a gyara inji da birki da lantarki sosai, a taɓa jikin babur ɗin gwargwadon bukata kawai, sannan a riƙa hawansa a kai a kai.