Idan 'yarki ta ce ilimin halayyar ɗan Adam take so

Sau biyu 'yar yayata tana rubuta JAMB da niyyar karanta likitanci, sau biyu makinta bai kai ba. Tana cikin zaman gida a Ƙauran Namoda sai wasu danginmu suka gudo daga wani ƙauye na wajen Zurmi suka sauka a gidansu. A cikinsu akwai yaro ɗan shekara bakwai da ya daina magana, ya koma fitsarin kwance, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado. An kai shi asibiti, aka ce jikinsa lau. Ana ta addu'a, ita kuma kullum da yamma ta zauna da shi suna zane a ƙasa, ba ta tambayarsa komai. Sai da aka yi wata biyu ya buɗe baki, abin da ya fara faɗa kuwa sunan akuyarsa ne da aka kora.

Tun daga nan yarinyar ta ce ta bar likitanci, ilimin halayyar ɗan Adam za ta karanta. Yaya ta yi tsalle ta dire, wai karatun mahaukata ne, kuma ina aikin yake?

Uwargida, ga inda ake yawan rikicewa. Likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitin tarayya na Kware a Sakkwato, likita ne cikakke: shekara 6 a jami'a, sannan ƙarin horo, shi ke rubuta magani. Masanin halayya kuwa digirinsa shekara 4 ne, yana nazarin yadda yaro ke girma, yadda ake koyo da mantuwa, da abin da tsoro ko baƙin ciki ke yi wa mutum. Kafin ya zauna da marasa lafiya sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti, kuma da magana yake aiki, ba da allura ba. Akwai lissafin ƙididdiga a ciki sosai, don haka wadda ke gudun lissafi kada ta ɗauka mafaka ta samu.

Tambayar Yaya ta biyu ita ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Guraben aikin ba su da yawa kamar na jinya ko ungozoma. Amma buƙatar a ƙofar gidanmu take. Wa ya zauna da 'yan matan Jangebe 279 da aka sako a 2021 ya ji abin da ke hana su barci? Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki a Shinkafi da Zurmi, kuma duk inda ake jinyar yara masu tamowa akwai uwa a gefen gado da ta rasa miji ko gona. Irin wannan uwa ba za ta amayar da cikinta ga namiji baƙo ta bakin tafinta ba. Mace take so, mai jin Zamfarci. A Janairun 2023 ne ma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958.

Sai batun nisa. Jami'ar Jos na ba da wannan digiri, haka ta Ibadan. Idan maigida ya ce can ya yi nisa, akwai hanya ta ɓangaren ilimi: ABU Zariya na da sashen nazarin halayyar ɗalibai da ba da shawara, ana kuma koyar da darasin a kwalejojin ilimi kamar ta Maru da ta mata zalla da ke Gusau. Kafin a biya kuɗin fom, ki sa a buɗe muku kundin JAMB ku duba darussan da kowace jami'a ke nema tare da Ingilishi, don sun bambanta. Kada ki bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa mata.

Yarinyar dai ta cike Zariya. Yaya har yanzu idan maƙwabta suka tambaya, cewa take yi malanta 'yarta za ta karanta.